Zangarniyar Kwalba a Murhun Maƙeri Illa

Ni 'yar maƙera ce, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Sunana Lubabatu. A zauren gidanmu da ke Birni, nan Damagaram, akwai murhun ƙira da ya girme ni, ya girmi mahaifina Maƙeri Illa, Allah ya ji ƙansa. A gaban wannan murhu na yi wayo, ƙarar masaba ce ke tashina daga barci tun ina goye. Abin da ya raba ni da sauran 'yan gidan shi ne su ƙarfe suke sa wa wuta, ni kwalba.

A Bida na koya, can Najeriya, lokacin da nake aure da wani direban kamiyo mai kai albasa. Maƙwabtanmu masu narka kwalba ne. Nakan kai musu fura in tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran ƙwarya, alhali idona na kan hannunsu. Da auren ya mutu na dawo gida da akwatina da abin da idona ya ɗauko. Na tarar hannun Baba ya fara rawa, masaba ta fi ƙarfinsa. Ƙanena Fahad kuwa lekol ya yi, wato boko, yana Yamai a buro yana aikin takarda, in ka miƙa masa awartaki sai ya tambaye ka ta ina ake riƙewa. Ranar da na gaya wa Baba abin da na iya, bai yi dogon tunani ba. Ya ce in zauna in yi, da a bar murhun ya huce. Shi da kansa ya koma bayan zugazugi yana hura mini, mutumin da dā shi ake hura wa.

Kwalabe nake tarawa, koraye na lemo, masu ruwan ƙasa na magani, shuɗɗa na turare in an dace. In wanke, in farfasa, in narka a bakin tsinken ƙarfe ina juyawa. Ina yin duwatsun wuya da 'yan kunne da awarwaro, ina kuma yin na ajiye wa a ɗaki. Abin da na tashi ina gani shi nake yi: kwanson gyaɗa, 'ya'yan magarya, furen tumfafiya, ɗan itacen kuka da gashinsa. Ban taɓa yin siffar abu mai numfashi ba, saboda haka malaman unguwa ba su da abin cewa, matansu ma suna saye. Daga Kasuwar Dole har Mirriya an san hannuna. Da wannan aikin aka ci aka sha a gidan har ranar da Baba ya cika.

Ban san yadda wasu gidaje suke yi ba, amma a namu in maƙeri ya rasu ana kashe wutarsa a rufe zauren sai bayan sadakar arba'in. Ranar sai dattawan maƙera su zo. Mai son gadon murhu ya hura wuta ya ƙera abu ɗaya a gabansu. In ya gama, babbansu ya karɓa da awartaki ya tsoma a kwamin ruwan mamacin, mu ce an shayar da aiki. In ya fito lafiya, murhu ya zama nasa.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Baffa Yakuba, ƙanen Baba, ya shigo cikin gida ya zauna a kan turmi. Ya ce ɗansa Salisu ne zai zauna a murhun, tunda Fahad ba shi da ra'ayi.

Na ce, "Baffa, ni fa?"

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya ce, "Ke me? Yayana tausayinki ya ji, ya bar ki kina wasa da fasassun kwalabe. Yanzu maganar gado ake. Mace ba ta zama a murhun ƙira."

Na ce, "Wasan ne ya saya masa magani, Baffa. Lokacin ban ga kowa ya zo ya ce in tashi ba."

Ya kaɗe rigarsa ya fita. Kada wani ya ce mini ai sai in gina wani murhu a tsakar gida. Na iya gini, laka ce da hannu. Wancan nake so, na zaure, mai kallon titi, inda mutum zai yi sallama ya ce maƙeri na nan, a amsa masa. A nan na zauna shekaru Baba na bayana, ba zan koma kusa da madafa in riƙa aiki kamar mai satar hanya ba.

Na yafa mayafi na tafi wurin Baba Inusa, sarkin maƙeranmu, wanda shi ne zai shayar da aikin. Dattijo ne mai gaskiya, abokin Baba tun suna samari, sai dai shekaru sun ja. Na durƙusa na gaya masa ni ma ina neman murhun. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bai taɓa jin mace ta gaji murhu ba, amma bai taɓa jin an hana ba, in zo in yi nawa Salisu ya yi nasa. Kafin in tashi na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce kwalba ba ƙarfe ba ce, in tana da zafi ba ta son ruwa, ko iska mai sanyi ba ta so. A toka mai zafi ake binne ta, ta huce a hankali har gobe. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "To, to, 'yata, na ji."

Ranar ta zo. Da hantsi aka buɗe zaure, dattawa suka jeru a kan tabarma, maƙwabta suka cika bakin ƙofa. An cika kwamin Baba da ruwa, shi da ko ranar da garin nan ke neman na sha ba ya bushewa. Salisu ya fara. Shi mai walda ne, atiliye gare shi, shagon aikinsa, a bakin titi yana yin ƙofofi da tagogi, amma jinin gidan yana jikinsa. Hauya ya ƙera, kuma ba zan ci amanarsa ba, ta yi kyau. Baba Inusa ya karɓa ya tsoma, ruwa ya yi cuu, tururi ya tashi, hauya ta fito baƙa sumul. Aka yi ta sa albarka.

Na zo na zauna a kan fatar da Baba ke zama in zai yi ƙira. Ba wanda ya matsa kusa da zugazugi. Na jira. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka sha furar gidanmu, kowa ya sami abin kallo a rufin zaure. Salisu ne ya kasa jurewa, ya matso ya ce, "Kawo in hura miki, Yaya." Ubansa ya harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Zangarniyar gero na yi niyyar yi. Na narka kwalba mai ruwan ƙasa na naɗe ta a tsinke, na ja ta ta yi tsawon tafin hannu da rabi, siririya a sama. Daga nan na shiga ɗora ƙwayoyi, ɗigo bayan ɗigo, kowanne kamar kan allura, ina juya tsinke don kada gefe ɗaya ya huce ya bar ɗaya. Aikin na cin lokaci, gumi na shiga mini ido ba halin sharewa. Surutun bakin ƙofa ya ɗauke. Na ji wani manomi daga baya yana cewa wannan ai geron zango ne, irin na gonarsa a Tirmini. Na ƙarasa da ganye kore guda ɗaya da ya lanƙwaso daga gindi. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba, na sani tun kafin in cire ta daga tsinke.

Na cire ta na ɗora a kan bulon bakin murhu, na juya don in buɗe ramin toka. Juyawar nan ce kawai. Baba Inusa ya riga ya miƙo awartaki, yana bismilla, fuskarsa cike da murna. Ba mugunta ba ce, ni shaida ce. Tun kafin a haife ni hannunsa ke ɗaukar abu mai zafi daga bakin murhu ya kai kwami, bai taɓa tsayawa ya yi shawara da kansa ba. Na buɗe baki na ce "Baba Sarki," ban kai ga sauran ba. Na ji tas, sannan wasu ƙanana suka biyo baya a cikin ruwan.

Ya ɗago awartaki ba komai a bakinsa sai guntun ganye. Ya tsaya yana kallonsa. Sai a lokacin maganata ta dawo masa, na ga ta dawo. Ya ce, "Innalillahi. Kin gaya mini, 'yata."

Baffa Yakuba bai ɓata lokaci ba. Ya miƙe ya ce, "Jama'a kowa ya gani. An shayar da na Salisu ya fito, an shayar da nata bai fito ba. Magana ta ƙare. Tashi, Lubabatu."

Na rantse ba za su ga kukana ba. Na naɗe hannun riga na zura hannu cikin kwamin. Na shiga tsamo gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, wani ya yanke ni a yatsa, ruwan ya yi ja, ban tsaya ba. Na goge su da bakin zanena har suka bushe, na zuba a kasko, na tura kaskon cikin garwashi.

Na ce, "Baffa, aikina yana wuta."

Ya ce, "Wane aiki? Shara ce. Salisu, ɗaga ta daga nan."

Salisu ya sunkuyar da kai bai motsa ba. Baba Inusa ne ya yi magana, muryarsa a dushe. Ya ce, "Ba a tada maƙeri da aikinsa a wuta, Yakuba. Ka sani. Ko daga fada aka aiko, jira ake."

Baffa ya ce, "Maƙeri ka ce. Wannan mace ce."

Baba Inusa ya ce, "Da safe mun bar ta ta zauna a kan fatar Illa. Wanda ya zauna nan ya sa abu a wuta, ba ni da wani suna da zan kira shi."

Baffa ya kama hannun ɗansa ya janye shi daga bayan zugazugi, ya ce to ta hura da bakinta. Ina shirin kamawa da hannun hagu sai na ga dattijon nan yana tattara babbar rigarsa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya kama zugazugin. Ya ce shi ya fasa zangarniyar, shi zai hura.

Muka sake daga farko. Aka kira azahar, mutane suka je suka dawo, muka yi tamu sallar bi da bi don kada wuta ta kwanta. Koren ganye da ruwan ƙasan ƙwaya sun riga sun gauraye a kasko, ba mai raba su, saboda haka ta biyun ta fito da wani launi mai duhu, ba ta kai ta farko haske ba. Raina ya sosu da wannan, har yanzu in na tuna yana sosuwa. Amma ta tsaya, ƙwayoyinta sun jeru. Wajen la'asar na cire ta, kuma wannan karon ban ajiye ta ko'ina ba, daga tsinke sai ramin toka. Na rufe na ɗora kasko a kai. Na ce musu sai gobe da hantsi, mai son gani ya dawo.

Da asuba bayan na yi salla na fito zaure ni kaɗai. Na hura wuta da hannu ɗaya, na yi 'yan kwanson gyaɗa na abin wuya, irin ƙananan da ba sa buƙatar mai taimako. Na binne su a ɗaya gefen ramin, na share zaure, na zauna jira. Na san mutanena.

Suka dawo, har da waɗanda ba su zo jiya ba. Na tone toka da hannuna na ciro zangarniyar, ta huce sarai, na hure ta na miƙa wa Baba Inusa. Ya karɓa da awartaki a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya tsoma. Ba cuu, ba tururi, ba tas. Ya ɗago ta tana ɗigar ruwa, hasken ƙofa ya ratsa ta, ƙwayoyin nan suka fito ɗaya ɗaya. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, wani har da kai ta hanci.

Baffa ya yi dariya ya ce, "In haka ne ai ko ƙwai aka tsoma zai fito lafiya."

Na ce, "An ce a shayar da aiki, Baffa, an shayar. Ko ka taɓa jin an faɗi zafin da zai kai?"

Dattawa suka fita gindin dalbejiyar ƙofar gida don su yi shawara. Ina jiyo muryar Baffa sama da ta kowa. Sun daɗe. Da suka dawo Baba Inusa bai yarda mun haɗa ido ba, ƙasa yake kallo. Ya ce aikin Salisu ya fita, nawa ma ya fita, ba mai musun wannan. Amma tun kakanni ba a taɓa ba mace murhu ba, kuma su ba za su fara ba. Murhu na Salisu ne. Ni kuma an yarda in gina nawa a cikin gida, su da kansu za su kawo laka.

To ka ji fa. Ashe ba ruwan ba ne, ba kwalbar ba ce. Da tun farko haka suka ce, da ban yanke yatsana a banza ba. Na ji zafin wannan fiye da fashewar jiya, don jiya kuskure ne, yau kuwa da saninsu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baba Inusa, mutumin da gwiwarsa ta yi kwana tana ciwo saboda ni, shi aka ba ya faɗa, kuma ya faɗa.

Baffa ya ce, "Kin ji da kunnenki. Tashi."

Ban tashi ba. Na ɗauki awartakin Baba na ɗaga kaskon ɗaya gefen, na ɗan yaye tokar sama yadda za su ga kan kwanson gyaɗa, na mayar da sauri. Zafin ya bugi fuskar na kusa.

Na ce, "Baba Sarki, akwai aiki a wuta."

Ya dubi ramin, ya dube ni, wannan karon ido cikin ido. Ya ce, "Yaushe zai fita?"

Na ce, "Gobe da hantsi."

Ya ce, "Goben kuma fa?"

Na ce, "Allah ya kai mu."

Baffa ya fara faɗa, yana cewa wannan rainin hankali ne, a gabansu aka yanke magana. Baba Inusa ya lalubi sandarsa ya miƙe. Ya ce maganar da aka yanke tana nan, murhu na Salisu ne, ranar da ya tarar da shi ba aiki ya zauna abinsa. Amma shi dai Inusa ba zai tada mai aiki a wuta ba, kuma ba za a tada a gabansa ba. Ya sa takalmansa ya fita, sauran suka bi shi.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Za ki gaji."

Na ce, "Sai ka riƙa leƙowa, Baffa."

Kuma yana leƙowa. Damina ta zo ta wuce, an yi girbi, wata ta sake zuwa. Kullum da hantsi sai ya biyo ta ƙofar, ya tsaya ya dubi kaskon da ke kan ramin toka. In gaishe shi, ba ya amsawa, ya wuce. Salisu yana atiliyensa, in mun haɗu yana gaishe ni a ɓoye. Ni kuma ba na ciro na jiya sai na binne na yau. An yi bikin 'yar ƙawata a Mirriya ban kwana ba. Matar Fahad ta haihu a Yamai, aka sa wa yaron sunan Baba, a waya na ji kukansa, na yi nawa kukan a bayan zugazugi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni da rarrafe na fito na yi dutsen wuya guda ɗaya, karkatacce, na binne na koma na kwanta. Murhun ba nawa ba ne, dattawa sun faɗa, ban kuma ce sun janye ba. Amma in mutum ya yi sallama a zauren nan ya ce maƙeri na nan, ni ke amsawa.

Yau 'ya'yan magarya ne a tokar, na wata amarya daga Zermu. Na gobe kuwa na riga na wanke kwalabensa.